Ƙafar Tela a Kan Keken Yaya

Ni dai har yau ban san wanda ya fara yaɗa cewa hawan keke abu ne mai sauƙi ba. Da zan gan shi, da na zaunar da shi a kujerata, na miƙa masa yadi na ce ya fitar mini da wuyan riga, mu ga inda sauƙi yake.

Tela ne ni. Shagonmu ɗaya da Yayana, ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe a cikin wani lungu, tsakanin mai aski da wani kanti da ya daɗe a rufe. Keken ɗinkina na ƙafa yana jikin taga, teburin yanka na Yaya yana tsakiya, bayan teburin kuma akwai 'yar ƙofa da ke shiga ɗakin da yake kwana tun da matarsa ta rasu. Shi ke awo, shi ke yanka, shi ke guga, shi ke magana da mutane. Ni nawa ɗinki ne kawai. Na haura hamsin, gemuna ya yi fari, amma har yanzu Auta yake ce mini, kuma ina amsawa.

Abin da ke riƙe da shagon ba masu kawo ɗinkin riga ba ne, waɗannan duk sun koma sayen na kanti. Wani otal ne a can ɗaya gefen gari. Zanen gadon da ya yage, labulen da bakinsa ya warware, rigunan ma'aikata da maɓallinsu ya cire, duk mu ake ba. Kullum da sassafe Yaya zai ɗaure ƙunshin da muka gama a kariyar da ke bayan baƙin kekensa, ya kai, ya ɗauko wani. Ni kuwa ban taɓa tuƙa keke ba, sai dai a goya ni. Tun ina yaro yake ɗora ni a baya, na girma a haka, ban taɓa ganin dalilin da zai sa in koma gaba ba.

Sai wata safiya almakashi ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya kife ƙasa gaba ɗaya. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ta zo da sauƙi. Ya dawo gida yana jan ƙafar hagu, hannun hagun ma sai a hankali, likita kuma ya ce shi da keke an yi ban kwana.

'Yarsa ta zo, wadda muke ce wa Malama saboda koyarwa take yi a wani gari mai nisa. Yarinyar da na ɗinka wa rigar makarantarta ta farko da hannuna, ita ce ta tsaya a tsakiyar shago tana ƙare mana kallo kamar ta zo duba aji.

"Baba Ƙarami, ni fa tafiya zan yi da shi," ta ce. "Na gyara masa ɗaki, kuma asibiti yana kusa da mu."

"Ki tafi da wa?"

"Da Baba mana."

"Shagon fa?"

"Wane shago? Aikin otal shi ne shagon, kuma wa zai riƙa kaiwa? In suka janye, zaman me zai yi a nan? Ku zauna ku biyu kuna kallon juna?"

Na dubi Yaya ina jiran ya tsawata mata. Yana zaune a bakin teburinsa yana juya alli a hannun dama. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa. Tun da ya kwanta ni ke kai kayan, amma tura keken nake yi a ƙasa, don masu motar haya ba sa yarda da ƙaton ƙunshin nan. In isa rana ta take, in dawo ƙafa ta mutu, ɗinki ya taru yana jirana. Matar da ke kula da ɗakin wankin otal ɗin ta riga ta ja ni gefe ta ce, "Baba tela, ina jin nauyin yayanka, amma baƙi ba a kan haƙuri suke kwana ba. In kayan ba za su riƙa zuwa da safe ba, dole in nemi wani."

Da Malama ta fita, Yaya ya ajiye allin ya ce, "Gobe ka fito da keken nan baya."

Sai na ji sanyi a raina. Na jera abin a kaina tsaf. In na iya keke, kaya za su isa da wuri. In suka isa da wuri, otal ba zai janye ba, shago ya tsaya da ƙafarsa, Malama ta rasa hujja, Yaya ya yi zamansa. Ban taɓa yini a shagon nan babu shi ba sai kwanakin asibiti, kuma a kwanakin har hannun riga na ɗinka a baibai. Ba na so ya tafi. Ban faɗa masa ba, don ba mu saba irin wannan magana ba, amma na ɗauka shi ma abin da ke ransa ke nan. Malama ta ce za ta koma bakin aiki, sai an yi hutu za ta dawo. Na yi mamakin yadda ta tafi ba gardama.

Akwai wani ɗan fili a bayan shagunanmu, gefe guda bango, gefe guda tarin tsofaffin tayoyin mota da ba a san mai su ba. Mai aski ya fito da kujerar roba ya zaunar da Yaya a inuwa, ya naɗe hannun riga ya ce shi zai riƙe mini sirdi. Mai askin nan mutum ne da bai taɓa rasa ra'ayi a kan komai ba, daga ciwon haƙori har tashin jirgin sama.

"Ka dubi gaba," in ji shi.

"Ka dubi inda za ka," in ji Yaya.

"Ba ɗaya ba ne?" na tambaya.

"A'a," suka ce tare, kuma babu wanda ya yi bayani.

Na ɗora ƙafa biyu a feda. Yaya ya ce in taka, na taka. Keken ya ɗan motsa gaba ya tsaya, sarƙa ta yi ƙara, ya sake ɗan motsawa ya tsaya. Mai aski yana nishi a bayana.

"Me kake yi haka?" Yaya ya tambaya.

"Takawa nake."

"Kana takawa kana dawowa. Zagayawa ake yi."

Na leƙa ƙasa. Wallahi ban san ina yi ba. Keken ɗinki na ƙafa ba a zagaya masa ƙafa. Faranti ne guda na ƙarfe a ƙasa, ka ɗora ƙafa biyu a kai, ka danna da yatsu, ka danna da dunduniya, gaba, baya, gaba, baya. Shekara talatin da ɗoriya ƙafata ba ta san wani aiki ba bayan wannan. To yanzu an ce mata ta riƙa kewayawa, kuma wai dama ta sauka a daidai lokacin da hagu ke hawa. Na ce da su ni a sanina ƙafafu tare suke aiki, ban taɓa jin inda aka haɗa su faɗa ba. Mai aski ya tuntsire da dariya har ya saki sirdin, ni da keke muka kwanta a gefe ɗaya.

Haka muka yi ta yi kullum da la'asar. In na sa hankalina a ƙafar dama ta zagaya, sai ta hagu ta tsaya tana jiran umarni. In na koma kan ta hagu, sai ta dama ta ci gaba da ɗinkinta. Ga ido kuma. Idona ya saba da abin da ke tsakanin hannuwana, ba ya wuce taƙi ɗaya, saboda haka tayar gaba nake zuba wa ido kamar allura ce. Bango kuwa sai na ji shi a jikina nake sanin yana wurin.

Masu zuwa aski suka gano akwai kallo kyauta a baya. Wani ma da rabin kai a aske ya fito da ƙyalle a wuya don ya ba ni shawara. Ɗaya ya ce in riƙe kan keken da ƙarfi. Wani ya ce in sassauta, riƙon ne ke kayar da ni. Wani dattijo mai tabarau ya ce in ina tsoron faɗuwa in ƙara gudu.

"In ƙara gudu don kada in faɗi?"

"Ƙwarai. Mai tafiya a hankali shi ke faɗuwa."

"To in na faɗi da gudun fa?"

"Wannan kuma ya fi ciwo," ya ce, ya koma ciki abinsa.

Mai aski ya ƙara da nasa. Wai in keken ya karkata hagu, in juya kansa hagu. Na ce wato in ga yana shirin faɗuwa in bi shi mu tafi tare? Ya ce haka ake yi. Na tambayi Yaya ko gaskiya ne. Ya ce shi bai taɓa lura ba, hawa kawai yake yi. Mutumin da ya kusa shekara hamsin a kan sirdi ke nan. Na rasa wanda zan kama a cikinsu, kaina ya ɗaure tamau.

Ranar da na fi jin jiki ita ce ranar birki. Filin yana da 'yar gangara ta wajen tayoyin. Mai aski ya turo ni ya saki ba tare da ya gaya mini ba, keken ya kama hanya shi kaɗai. Na ji Yaya yana cewa, "Birki, Auta, birki." Na san inda birkin yake, an nuna mini ya fi a ƙirga. Amma tela in zai tsayar da keken ɗinki, tafin hannun dama yake ɗora wa wilin da ke juyawa a gefe, sai ya tsaya cak. Hannuna na dama ya saki kan keke, ya sauka yana lalube, ya samu abin da ke juyawa, ya dafe shi. Tayar gaba ce. Fatar tafin ta saluɓe, kan keken ya murɗe, na yi sama na dira a cikin tayoyin mota, ruwan da ya kwana a cikinsu ya wanke mini fuska.

Matata tana ɗaure mini hannun da yamma tana girgiza kai.

"Mutum da hankalinsa, da furfurarsa, ya kama taya tana gudu?"

"Ba ni na kama ba, hannun ne."

"To kai da hannun, wa ke da wani?"

Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Abin bai tsaya nan ba. Da hannun ya yi sauƙi na koma kan ɗinki, sai ƙafar da ta ƙi zagayawa a kan feda ta fara neman zagayawa a kan faranti. Gwiwa ta ɗago ta bugi ƙasan tebur, wili ya juya baya, zare ya tsinke ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi. Na zauna ina tsintar zare da bakin almakashi ina jin kamar in yi kuka. Keken ban iya ba, ɗinkin da na iya kuma yana neman guduwa. Na ce da ƙafar a fili, "Ke dai ki tsaya wuri ɗaya mu san inda muka dosa." Yaya ya ji ni, bai ko yi murmushi ba.

Shi ma Yayan ya zame mini abin da ban gane ba. Wata rana zai tashe ni daga kan aiki tun kafin la'asar, ya ce wasa nake yi, lokaci na tafiya, ya riƙa buga sandarsa a ƙasa har sai na hau na faɗi na sake hawa. Washegari kuma in na fito da keken sai ya ce, "Mayar da shi, yau ka huta," alhali ban ce na gaji ba. Akwai ranar da abin ya kusa zama. Ƙafafun suka yi kuskure suka zagaya tare, na ji keken ya miƙe, iska ta taɓa mini kunne, na tafi har kusan tsakiyar fili babu mai riƙe da ni. Na waiga ina washe baki in ga fuskarsa.

"Ya isa haka," ya ce. "Zo ka sa mini zare a allura."

Na sauka na bi shi shago. Na sa zaren, na miƙa masa. Ya karɓa ya soke allurar a jikin labule, ya zauna yana kallon titi. Babu abin da zai ɗinka. Na koma kujerata.

Ita kuma Malama kullum sai ta bugo waya. Ba lafiyar ubanta take fara tambaya ba, sai ta ce, "Baba Ƙarami, ka iya kuwa?" Na ɗauka ba'a take yi mini, na riƙa amsa mata a daƙile. Sai ga shi ta aiko mini da hular kwano sabuwa fil, da safar hannu mai kauri. Na juya hular a hannuna na rasa fassarar da zan yi mata. Ni nan faɗi-tashi nake yi don in hana ta ɗauke mini ɗan'uwa, ita kuma tana aiko mini da kayan aiki. Na kai wa matata maganar.

"Ke kin gane abin da yarinyar nan take nufi?"

Ta dube ni. "Kai kam idonka a kan allura kawai yake aiki."

"Me ke nan?"

"Ci abincinka, yana hucewa."

Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Kowa a gidan nan da shagon nan kamar ya san wani abu, ni kaɗai ake bari ina karo da bango.

Ana haka otal suka aiko da fararen rigunan masu kai abinci, suka ce suna da babban taro, da safe suke son su. Na gyara aljihu da maɓalli, Yaya ya ce shi zai goge. Na ce ya bari, ya harare ni. Da hannu ɗaya ya yi gugar, yana danne yadin da gwiwar hannun hagu, yana hutawa yana komawa, har na rufe taga na tafi gida bai gama ba. Da safe na tarar da su a ninke, an jera su an naɗe da farin zane. Na ɗaure a kariya, na sa hular Malama saboda matata ta ce in ban sa ba kada in dawo mata da fasasshen kai, na kama tura keke kamar kullum.

Ban yi nisa ba gari ya canza. Hadari ya taso ta gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar takardu a titi. Na laluba ledar da muke rufe kaya da ita, babu, na bar ta a kan teburin yanka. Na ƙara sauri, keken yana dukan ƙaurina da feda. Na iso kan gadar da ke raba garin biyu, inda hanya ke gangarawa doguwa har kusan bayan otal ɗin. Ɗigo na farko ya sauka a hannuna. Na biyu ya sauka a kan farin zanen, na ga wurin ya yi duhu. Sai na tuna Yaya a tsaye da ƙafa ɗaya da rabi, yana danne riga da gwiwar hannu.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba, kuma in aka ce in rantse na yanke ba zan rantse ba. Na dai ga kaina a kan sirdi. Idona yana can kan tankin ruwan da ke saman otal ɗin, ina auna shi da hadarin, wanne zai riga wani. Ƙafafuna kuwa ban san abin da suke yi ba, ban leƙa ba, ban tambaye su ba. Wata motar burodi ta fito daga kwana, na zage ta, na kauce, ban san yadda na kauce ba. Wani kare ya tsallaka. Na wuce kantin magani, na wuce gidan mai, gangara ta ƙare hanya ta miƙe, keken bai tsaya ba, ashe ni ke tuƙa shi. Da na hango ƙofar baya ta otal, na ji hannun dama ya fara saki zai sauka ƙasa. Na daka masa tsawa na ce, "Zauna nan." Na damƙe birki biyu gaba ɗaya. Saura kaɗan in wuce ta saman kan keken, mai gadi ya tare ni da ƙirjinsa.

Muna shigar da ƙunshin ƙarƙashin rumfa ruwan ya ɓarke. Matar ɗakin wanki ta kwance zanen, ta ɗaga riga ɗaya, ta ɗaga ta biyu, duk a bushe. Ta dubi agogon bango, ta dube ni.

"Yayanka ya warke ne?"

"Ni na kawo."

"A kan keke?"

"Haka nake gani," na ce, don ni ma ban gama yarda ba.

Ta ba ni wani ƙunshin, ta rufe mini shi da leda mai kauri, ta ce in haka za a riƙa yi ba ta da magana. Ban jira ruwa ya ɗauke ba. Na hau na kamo hanya, ina jiƙewa ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya zautu. A hawan gada na ce bari in lura in ga yadda nake yi, don in iya maimaitawa gobe. Ina fara lura keken ya fara rawa, sai na bar lurar.

Na shigo lungunmu ina kaɗa ƙararrawa. Mai aski ya leƙo da reza a hannu, ya buɗe baki ya kasa rufewa, karo na farko da na ga ya rasa abin cewa. Yaya yana zaune a bakin ƙofa daga ciki, inda feshin ruwa ba ya kaiwa. Bai dubi fuskata ba, ƙafata yake kallo.

"Je ka ƙarshen lungu ka juyo," ya ce.

Na je na juyo.

"Tsaya."

Na ja birki na tsaya, na sauke ƙafa ɗaya.

"Tashi ba tare da an tura ka ba."

Na tashi. Ya gyaɗa kai, ya dafa sanda ya miƙe ya shige ciki. Na jingine keken, na kwance ƙunshin na bi shi, ruwa na zuba daga rigata a kan siminti.

"Yaya, shi ke nan fa," na ce. "Matar ta ce ba ta da magana. Sai a kira Malama a ce mata ɗakin da ta gyara ta zuba kaya a ciki."

Ya zauna a bakin teburinsa. "Kira ta. Ka ce mata in ta samu hutu ta zo ta ɗauke ni."

Na ɗauka ruwa ne ya shiga kunnena. Na cire hular kwanon na ajiye.

"Ban gane ba."

"Duba ƙarƙashin teburin nan."

Na sunkuya. Wani farin yadi ne a dunƙule, irin wanda muke gwada zafin dutsen guga a kai, ya ƙone ya yi ramuka, gefen katakon teburin ma ya yi baƙi.

"Dutsen ya kufce mini jiya," ya ce. "Ina kallonsa yana cin yadin, hannun ya ƙi zuwa. Da ƙafa na fizge wayar. Da a kan rigunan mutane ne fa? Da ina barci ne fa? In na tashi zagayawa bango nake bi, na faɗi a ɗakin nan ban gaya maka ba. Tun a asibiti na amsa mata, Auta. Na ce ta ba ni lokaci kawai, ba zan tafi in bar ka kana tura keke a titi har aikin ya suɓuce maka ba."

"Amma ni don ka zauna na koya."

"Na sani."

"Ka sani, ka bar ni ina ta cin ƙasa a gaban masu aski?"

"Da na gaya maka, da ka koya?"

Ruwa yana ta dukan kwanon rufi. Na ji haushinsa, na ji haushin Malama da hularta, na ji haushin matata, na fi jin haushin ƙafafun nan da suka ga dama yau suka yi biyayya.

"Yankan fa?" na ce. "Awon fa? Wa zai yi magana da mutane?"

"Ka iya yanka tun da daɗewa, bar mini kake yi. Maganar kuwa, na ji ka da kunnena kana yi da ƙafarka, mutane ba su fi ta taurin kai ba."

Wasa yake so ya yi, amma muryarsa ba ta kai ƙarshen maganar da kyau ba. Ya juya yana gyara almakashi a kan tebur, alhali a daidai yake.

"Ai ban iya ba," na ce. "Gangara ce ta kai ni. Sa'a ce kawai."

"Dawowar ma gangara ce?"

"Iska ce ta turo ni. Bari ka gani."

Na fita cikin ruwan na ja keken na hau. Niyyata in zo daidai ƙofar shago in zube a gabansa, ya gani da idonsa cewa da saura, a ce wa Malama sai wani hutun. Faɗuwa dai ai na ƙware a kanta, babu wanda ya kai ni a lungun nan. Na je ƙarshen lungu na juyo. Na saki jiki, na karkata, na yi duk abin da na san yana kayar da mutum. Keken ya ɗan yi rawa ya miƙe abinsa, na wuce ƙofar lafiya lau. Na sake juyowa na gwada ta ɗaya gefen. Ya sake miƙewa.

Yaya ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, hannun dama a jikin ƙarfen, feshin ruwa yana jiƙa masa gaban riga.

"Auta, sauko haka," ya ce. "Sanyi zai kama ka."

Ban sauko ba. Na wuce shi na kai ƙarshen lungu, na juyo, na sake wuce shi. Ruwa yana shiga idona, ban saki hannu na share ba. Yana nan tsaye bai koma ciki ba, ni kuma ina ta kai da kawowa a gabansa, ina neman yadda ake faɗuwa.